Tiya Mai Lotsattsen Gindi

Shekara ashirin da ɗaya ina awo a kasuwar Kadro,
gero, wake, riɗi in lokacinsa ya yi.
Nakan gane tiyar da aka bubbuga wa gindi da dutse
tun kafin mai ita ya gama sallama.
Sarkin awo kan kife ta a gaban jama'a,
ya taka ta da ƙafa, ya ce a kawo wata.
Duk wannan a kan tafin hannu guda na gero.

Daren jajibirin zaɓe aka aiko mini yaro:
Barmo, Alhaji Gonda na kira a sito.
Muka kwana mu bakwai, fitila a rataye,
muna zuba shinkafa a leda, tiya-tiya,
sabulu biyu a kai, jaka ɗaya a ninke.
Hoton da ke jikin ledar ba na Alhaji ba ne,
na Naino ne, yana murmushi da sabuwar hula,
Naino da muka yi lakwal tare a Mokoyo,
wanda bai taɓa mallakar ko amalanke ba.
Ban tambaya ba. Hannu ya auna, baki ya yi shiru,
na karɓi jaka biyar kafin kiran assalatu.

Ya ci.
Ƴan kabu-kabu suka ƙone mai suna oda har dare,
ya tafi Yamai, ya hau kujerar da wani ya biya kuɗin katakonta.

Damina biyu Gulbi na cin gaɓa, yana shiga lambunan Tarna.
Muka rubuta takarda, muka dangwala yatsu,
aka ce dapite na taro.
Amma da aka zo kan dokar taki,
wa zai shigo da shi, wa zai raba,
sai ga Alhaji ya kwana uku a otel kusa da majalisa,
kuma hannun Naino ne ya riga kowa tashi.
Kafin shuka buhu ya ninka kuɗi.
Ashe shinkafar nan bashi ce mai ruwa,
kuma ni na auna wa kaina ita.

Ni ba lauya ba ne, mai awo ne,
amma na san ba a yarda da tiyar da ba a kife ba.
A kife ta zaɓe mu ga gindinta.
Duk wanda ya ba ɗan takara ko da dala,
a rubuta sunansa a manna a bango
inda ake manna sakamakon jarrabawa, mu taru mu karanta.
A yanka wa kuɗin kamfe iyaka,
wanda ya haura a karɓe kujerar,
don tara a wurin mai sito kuɗin goro ce.
A ajiye rajista a ƙofar majalisa, irin ta asibiti:
wa ya zo, wurin wa, da wace buƙata, me ya riƙo.
Neman doka ba laifi ba ne in da rana tsaka aka zo.
Manomin Jiratawa ma yana da ta cewa,
kuɗin otel ne ba ya da shi.
Dapite kuwa a auna shi ranar shiga,
a sake auna shi ranar fita.

Cima ta yage zanen kamfe tun bara,
da fuskar Naino take tace mana koko.
Jiya ta ce sun dawo unguwa da sabon hoto.
Da magariba yaron Alhaji ya yi sallama.
Na ce ya faɗa masa kafaɗata na ciwo.
Ƙarya na yi, bakina bai kai ga gaskiya ba tukuna.
Amma ban je ba.
Da safe na ji an samu wani ya je.